Aska Ba Ta Hawa Kai Sai Mai Kai Ya Tuɓe Hularsa

Mahaifina wanzami ne. Ya fi shekara arba'in yana zama a kan buzunsa a bakin wani lungu na Nima, zabira a gefensa, ƙahoni jere cikin tasa. Tun ina ɗan shekara bakwai aikina shi ne riƙe ƙoƙon toka. In ya ɗaga ƙaho daga bayan mutum sai ya juye gudan jinin cikin tokar. In an tashi in bi shi bayan gida, ya tona rami da bakin tsohuwar adda, ya zuba, ya mayar da ƙasa, ya take da ƙafa. Babbar kwatar Nima tana nan kusa, tana kwashe duk abin da aka jefa mata, amma ban taɓa ganin ya zuba mata jinin mutum ba. Ranar da na tambaye shi dalili, cewa ya yi: "Ladan hannuna aka biya ni. Jinin kuwa na Mai shi ne. Ƙasa muke ba ajiya."

Yana da wata ƙa'ida kuma. Ko mutum ya zo ya zauna a gabansa, ko ya riga ya miƙa kuɗin aski, Baba ba ya kai hannu ya cire masa hula. Zai ci gaba da wasa askarsa a kan fata har sai mutumin ya tuɓe da kansa. Yakan ce aska ba ta hawa kai sai mai kai ya tuɓe hularsa.

Abubuwan nan biyu ne suka dawo mini ranar da na raka gwaggona wani asibiti a nan Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara. Tana sayar da koko da ƙosai a Maamobi, kuma an ga wani kulluɓutu a ƙirjinta da dole a yanke. Ana gobe aiki wata matashiya mai fara'a ta zo da takardu biyu, duka da Turanci. Ɗaya ta yardar a yi aikin ce. Ɗayar kuma tana neman izinin a ajiye ragowar naman da aka cire, da ɗan jini, domin bincike, har ma a iya aika su wata ƙasa. Layin jama'a ya yi tsawo, na gaji, azahar ta gabato. Saura kaɗan in ce mata, "Gwaggo, takardun aiki ne, dangwala." Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan saura kaɗan ɗin. Abin da ya tsayar da ni shi ne ganin ta ɓoye babban yatsanta cikin mayafi tana kallona. Sai na karanta, na fassara mata layi bayan layi.

Da na gama ta yi tambaya uku. "Ɗana, ina za su kai shi? Wa zai amfana? In sun gama, za su binne shi?"

Na yi shekaru ina karantar da yara a makarantar unguwa, amma tambayoyin tsohuwar nan su suka tura ni karatun da ban taɓa yi ba.

Abin da na fara ganowa shi ne, ta ukun ce mafi nauyi, domin wani naman ba a gamawa da shi. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In aka fitar da su aka sa a kwalba aka ba su abinci, yawancinsu sukan rabu sau kaɗan su mutu. Amma wasu, musamman na ciwon daji, ba sa tsayawa. Mai nono takan bar ɗan tsohon kindirmo a gindin ƙwarya don ya kama sabuwar madara, gobe ma ta bar na gobe. Haka masu bincike ke ɗiban kaɗan daga wannan kwalba su zuba a waccan, shekara da shekaru, har abin da aka yanka daga jikin mutum ɗaya ya cika ɗakunan bincike na duniya, mai shi kuwa ya daɗe a kabari.

Wadda aka fara samun haka daga jikinta baƙar fata ce 'yar Amurka, Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar. A farkon 1951 ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore da ciwon dajin bakin mahaifa. An yanki ɗan nama daga ciwon aka kai wa wani mai bincike, George Gey, ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu ranar 4 ga Oktoba na shekarar, tana da shekara 31. Ƙwayoyin jikinta, waɗanda aka laƙaba wa HeLa daga farkon sunayenta biyu, suna nan da rai har gobe. Da su aka gwada allurar shan inna, da su aka fahimci abubuwa da yawa game da ciwon daji da ƙwayoyin cuta. Gey kyauta ya riƙa rabawa, amma daga baya kamfanoni suka shiga sayarwa. Iyalinta sun fi shekara ashirin ba su san komai ba, wasunsu ma ba su da halin biyan kuɗin asibiti. A 2013 wasu masana a Turai suka wallafa dukan bayanan gadon da ke cikin ƙwayoyin, wato sirrin jinin 'ya'yanta da jikokinta, nan ma ba a tambayi kowa ba. Sai a watan Agusta na 2023 kamfanin Thermo Fisher ya sasanta da zuriyarta bayan sun kai shi kotu.

Da farko na ɗauka labarin nesa ne. Ashe namu ya riga nata.

Ranar 30 ga Yuni, 1927, a garin Kpeve na ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, wani likita mai suna Alexander Mahaffy, ma'aikacin hukumar Rockefeller mai binciken cutar shawara, ya ɗebi jinin wani mutum ɗan shekara 28 da ke kwance da zazzaɓi. Sunansa Asibi, suna da kowane ɗan Zango ya saba ji a bakin ƙofar gidansu, na haihuwar ranar Asabar. Aka yi wa wani biri da aka kawo daga Indiya allurar jinin, birin ya kamu ya mutu, Asibi kuwa ya warke. A nan ƙwayar cutar da ke cikin jininsa aka rena, ba ƙwayoyin jikinsa ba, amma hanyar ɗaya ce: daga wannan mazubi zuwa wancan, har ta tsallaka teku. A birnin New York, Max Theiler da abokan aikinsa suka yi ta juya ta cikin naman ɗan tayin ɓera da na ɗan tsako har ƙarfinta ya karye, ta zama riga-kafi a 1937. Theiler ya karɓi kyautar Nobel a 1951, shekarar da aka binne Henrietta.

Duk allurar shawara da ake yi a duniya yau daga wannan asali ta fito. Jaririn da uwarsa ta goyo zuwa asibitin Maamobi yana wata tara, ita ake yi masa tare da ta ƙyanda. Alhajin da ke jiran jirgi a sansanin alhazai, riƙe da katin nan ruwan ɗorawa wanda Saudiyya ba ta barin mutumin Ghana ya shiga sai da shi, albarkacin jinin Asibi yake tafiya. Baba ya yi aikin hajji, ni ma an yi mini allurar, amma babu ɗayanmu da ya taɓa jin sunan. Mun san Noguchi, likitan Japan da shawara ta kashe a Accra a watan Mayu na 1928 yana tsakiyar bincikenta, kuma ya cancanci cibiyar da aka gina da sunansa a Legon a 1979, domin ransa ya bayar. Sai dai mai jinin shi ma yana da haƙƙin a san shi a ƙasarsa.

Akwai kuma yaran da muƙamuƙinsu ke kumbura. Tsofaffin Zango sun san ciwon tun kafin su ji sunan Denis Burkitt, likitan da ya bayyana shi a Kampala a 1958. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita mai suna Pulvertaft ya rena ƙwayoyin irin wannan ciwo daga wani yaro ɗan shekara 11. Ana kiransu Raji, kuma har yanzu ɗakunan bincike na saye suna aiki da su. A asibitin Korle Bu na nan Accra ma an daɗe ana aikin wannan ciwo tare da Amurkawa, inda Farfesa Francis Nkrumah, ɗan shugaban Ghana na farko, ya ba da shekarunsa wajen jinyar yaran. Daga wani majinyaci ɗan Ghana aka samo zuriyar da masana ke kira AG876. Mutum ne, uwa ta haife shi, an yi masa suna, an yanka rago ko an zuba ruwa a harshensa. A takardun duniya kuwa haruffa biyu ne da lamba uku.

To, mene ne hukuncin wannan a wajenmu?

Abin da aka karantar da mu tun muna gaban allo shi ne Allah ya karrama ɗan Adam, kuma jikinsa amana ce a hannunsa. Shi ya sa muke binne mabiyiya, muke binne abin da wanzami ya yanke ranar kaciya, muke adana gashin askin suna. An ruwaito cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye. An ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin jini, an kuma ruwaito an yi masa ƙaho ya ba wanzamin ladansa. Yadda malamanmu suka haɗa mana ruwayoyin nan biyu, shi ne abin da Baba ke aikatawa a bayan gida: a biya hannu, a girmama jini. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta amfani da sashen jikin mutum don ceton wani, da sharaɗin izini, ta kuma haramta ciniki a kansa.

A nan ne na ga wani abu da ya tayar mini da hankali. A 1990 kotun ƙoli ta jihar California ta yanke hukunci a ƙarar wani mutum mai suna John Moore, wanda likitansa ya rena ƙwayoyi daga saifarsa aka yi rajistar mallakarsu. Kotun ta ce likita ya wajaba ya faɗa wa majinyaci in yana da wata riba a zuciyarsa, amma abin da aka riga aka cire daga jikin mutum ba dukiyarsa ba ce. A kunne, wannan ya yi kama da maganar malamanmu: jiki ba mallakarka ba ne. A aikace kuwa hanyoyin sun rabu. Mu da muka ce ba na sayarwa ba ne, nufinmu ya fi ƙarfin kasuwa. Kasuwa kuma ta ji maganar kamar an ce kayan tsintuwa ne, kowa na iya cin riba a kansa ban da wanda aka yanka. Ai ko masallaci ba mallakar limami ba ne, amma wannan bai ba wani damar kwashe tabarmi ya kai kasuwar Nima ba. Wanda aka ba amana, shi ake tambaya kafin a taɓa ta, domin shi za a tambaya ranar da fatu da hannaye za su ba da shaida.

Akwai masu cewa, tun da alheri ne ya fito, me ya rage na ƙorafi? Miliyoyi sun tsira daga shan inna da shawara. Na yarda alheri ya fito, kuma ina gode wa Allah a kansa. Na ma sami sanyin zuciya a ruwayar da ke cewa wanda ya dasa itace, abin da aka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi, har abin da aka sata. Allah ba ya tauye wa bawa ko ƙwayar zarra, kuma rabon lada nasa ne shi kaɗai. Amma ladan mai itace bai wanke hannun wanda ya tsallaka shinge ba. Kuma akwai abin da ake raba mutum da shi wanda kotu ba ta iya ƙimantawa, wato niyya. Ayyuka da niyya suke. Matar da aka tambaya ta ce na bayar saboda Allah, ta yi sadaka mai gudana da saninta, za ta kwanta jinya tana jin cewa ciwonta bai tafi a banza ba. Wadda ba a tambaya ba an hana ta wannan. An mai da mai kyauta ta zama wurin ɗiba.

Rashin tambaya kuma yana da wani farashi da al'umma ke biya. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano, tunawa da Trovan na cikin abin da ya ƙarfafa zargi, cutar kuma ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A nan gida ma, a 2015, da labari ya bazu cewa za a gwada allurar Ebola a Hohoe kuma za a ba masu shiga sidi 200 da wayar hannu, ƙasa ta ɗauki zafi har majalisa, aka dakatar da shirin. Masu shirin sun ce kuɗin mota ne da ɓata lokaci, wayar kuma don bibiyar lafiyarsu. Amma kuɗin ya riga bayani isa kunnen jama'a, shi ya sa aka gan shi kamar tsaba a bakin tarko.

Wannan ya nuna mini cewa kuɗi kaɗai ba ya warware matsalar. In aka sa farashi a kan nama da jini, talaka ne zai zama rumbu. Yaron Zango da ba shi da aikin yi zai miƙa hannu ba don ya fahimta ba, sai don yunwa, kuma yardar da yunwa ta karɓo tana da rauni. In kuma aka ce babu komai sam, an koma gidan jiya: riba ta tafi ƙetare, mai jini ya koma layin asibiti yana lissafin abin da katin inshora bai ɗauka ba.

Mafi kusa da gaskiya a cikin abin da muka gada, a ganina, shi ne waƙafi. Na san ƙiyasin bai cika ba, tun da mutum yana waƙafi ne da abin da ya mallaka, amma tsarinsa ya dace. Waƙafi ba ya tabbata sai mai shi ya furta da bakinsa. Asalinsa ba a sayarwa, ba a gado. Mai kula da shi yana cin ladan wahalarsa gwargwadon ƙima, kamar yadda mai bincike da kamfani suka cancanci ladan iliminsu da kayan aikinsu. Amfaninsa yana komawa ga jama'ar da aka yi dominsu, kuma sharaɗin mai waƙafi abin girmamawa ne. In magani ya fito daga naman mutanen Nima, ya kamata ya dawo Nima da farashin da mai koko za ta iya, kuma wani kaso na ribar ya gina ɗakin jinya ko ya karantar da 'ya'yanmu likitanci. In iyali suka shiga ƙunci alhali ana arziki da jikin mahaifiyarsu, a ba su abin da Hausawa ke kira tukuici, wanda kowa ya san ba kuɗin kaya ba ne, girmama hannun da ya kawo ne. Majalisar Jidda ma ta bar ƙofar irin wannan karramawa a buɗe ga nazarin malamai.

Ghana tana da doka, tana da kwamitocin da ke tantance bincike, kuma takardar da aka kawo wa gwaggona shaida ce cewa zamani ya canja. Amma takarda da Turanci a hannun wadda ajami kaɗai take karantawa, rabin tambaya ce. Sauran rabin yana wuyanmu, mu 'ya'yan Zango da muka yi boko muke tsayawa tsakanin iyayenmu da likita. Tafinta ma mai riƙon amana ne. Ina roƙon a riƙa yin bayanin da baki, da Hausa da Zabarmanci da Kotokoli da Dagbani, a naɗa a waya mutum ya tafi gida ya saurara da iyalinsa. A raba yatsan aiki da yatsan bincike, a faɗa ƙarara cewa wanda ya ƙi na biyu ba zai rasa na farko ba. Limamanmu kuma su koyi wannan mas'ala kamar yadda suka koyi rabon gado, su sami kujera a kwamitocin. Lasifikar da ke kiran matasa su je su ba da jini in wata ta zubar a wajen haihuwa, ita ce za ta iya koya mana yadda ake bayarwa da ido buɗe.

Gwaggo ba ta dangwala ta biyun a ranar ba. Matashiyar, Allah ya saka mata, ta zauna ta amsa abin da ta iya, ta kuma faɗi gaskiya cewa mai yiwuwa ba za a binne naman ba. Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Wanda zai tattara ƙasusuwan da suka rududduge, ɗan naman da ke cikin kwalba ba zai ɓace masa ba. Amma bari in kwana da maganar." Da asuba ta kira ni. Da aka kawo tawada, ma'aikaciyar ta kai hannu za ta kama mata yatsa, sai ta janye a hankali. Ta yi bisimilla, ta ce ta bayar saboda Allah don kada wata 'yar mutum ta sha abin da ta sha, ta ɗora yatsan da kanta. Na tuna hular da Baba ke jira.

Ta warke, ta koma bakin tukunyarta a Maamobi. Wani lokaci in na tsaya shan koko da safe, takan rage murya ta ce, "Ɗana, naman nan nawa yana yi musu aiki kuwa?" Ta cika nata alkawarin. Amsar wannan tambayar bashi ce, kuma tana nan tana jira.